Kujerar Alhaji Jibrin a Fordham Road

Fagge, Kano
Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Safiatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da ɗan naki da na damƙa miki amana tun da ya tafi karatu. Mu nan sai godiya. Gwiwata tana nan da halinta, na koma yin nafila a zaune. Uwargidana Hajiya Sumaya hawan jininta ya sauka, tana gaishe ki.

Na ɗauki biro ne saboda wayar gidan nan ba ta da sirri. In na yi magana a ɗaki, kafin in kashe an ji a tsakar gida. Zan ɗauki hoton takardar in turo miki, ki karanta ke kaɗai.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci wani ya ja ni gefe ya nuna mini bidiyo a wayarsa. Wata mata ce da hijabi ruwan ƙasa, tsaye a ƙofar farar mota a bakin wani titi mai shaguna, an ce sunansa Fordham Road. Wani mutum ya zo yana tangaɗi, ta miƙa masa ƙunshi, ya buɗe, sai ga sirinji a ciki, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Mai wayar ya ce, "Alhaji, wannan ba ƙanwarka ta Amurka ba ce?" Na ce masa mata masu hijabi ruwan ƙasa sun fi a ƙirga. Amma ni na san tsayuwar. Tsayuwar Inna ce, Allah ya jiƙanta, hannu ɗaya a ƙugu.

Safiatu, kin ce mana a fannin lafiya kike aiki. Mun ɗauka asibiti ne mai gini da ƙofa. Ba ki ce mana asibitin naku a kan taya yake ba.

Na yi shekara talatin ina riƙe da kemis a unguwar nan. Na san mai neman sirinji don ciwon suga, na kuma san mai nemansa don abin da baki ba zai faɗa ba, kuma ban taɓa miƙa wa na biyun ba. Mutumin da na gani a bidiyon nan ba mai suga ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Ki faɗa mini gaskiya: me kike rabawa, wa ya sa ki, kuma hukumar ƙasar ta sani? Ban gaya wa kowa a gida ba, kuma tun ranar barcina ya ragu.

Yayanki,
Abdul-Karim

*

Grand Concourse, Bronx
Maris

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na karanta takardarka a cikin jirgin ƙasa na layin D har na wuce tashata. Lafiyarmu ƙalau, sanyi ya fara sauƙi. Gwiwar nan ka daina yi mata gardama ka je a duba ta. A gaishe mini da Hajiya.

Ni ce a bidiyon. Hijabin ma kai ka aiko mini da shi.

Ga yadda abin yake. Ƙungiyar da nake wa aiki, hukumar lafiya ta jiha ce ta ba ta izini ta raba sabon sirinji ga masu yi wa kansu allurar ƙwaya, ta karɓi tsohon. Ba kowa ake ba izinin nan ba. Sai an duba inda motar za ta tsaya da ranakun da za ta tsaya, sai an horar da kowane ma'aikaci, sannan a ba shi kati mai hotonsa. Nawa yana rataye a wuyana, hijabin ne ya rufe shi. In na ba mutum sirinji ba da katin nan ba, ko a wani lungun da ba a amince ba, to na fita daga inuwar doka. Tsoffin da aka dawo da su a jan akwati mai murfi muke zubawa, a zo a kwashe a ƙone. Ana aika wa hukuma rahoton abin da ya fita da abin da ya dawo, kuma masu dubawa suna zuwa. Wata sufeto ta taɓa sa ni na nuna mata yadda ake fesa wa mutum maganin ceto a hanci in ƙwaya ta ɗauke masa numfashi, tana tsaye a kaina kamar malamar Islamiyya mai karɓar hadda.

Na san abin da za ka ce: muna taya su ɓarna. Ni ma haka na ce da na fara. Amma Yaya, wanda jarabar nan ta kama zai yi allurar ko na ba shi ko ban ba shi ba. In ban ba shi ba, na abokinsa zai ara, ko ya tsinci na ƙasa, ya haɗa da ciwon hanta ko ƙanjamau. Gawa kuwa ba ta tuba. In yana zuwa wurinmu muna ganinsa, wata rana ya ce ya gaji, mu kai shi wurin magani. Na ga waɗanda suka daina da idona.

Ban faɗa muku ba ne don na san Fagge. Ga shi kuwa ɗan guntun bidiyo ya hana ka barci.

Faruƙ yana gaishe ka. Ya koma unguwar University Heights da zama tun kafin sabuwar shekara, wurin wasu abokansa, ya ce ya fi kusa da makaranta. Yakan zo cin tuwo in ya ga dama. Kai da ɗan farinka sai Allah: kai ba ka kiran sunansa, shi ba ya kiran wayarka, kun bar ni a tsakiya ina kai gaisuwa ina kawowa.

Ƙanwarka,
Safiatu

*

Fagge, Kano
Maris

Safiatu,

Sallama da gaisuwa, barka da shan ruwa. Muna lafiya. An duba gwiwar, an ce in rage nama, kamar wani naman nake samu.

Na karanta bayaninki. Kin iya tsara magana, tun kina ƙarama haka kike, ki fasa tulu ki zo da labarin da zai sa a ba ki haƙuri. Lasisi ba baƙona ba ne. Nawa ya yi shekaru a jikin bango, kuma na san shagunan da lasisinsu ya fi nawa kyan gilashi, ga abin da ake sayarwa ta ƙofar baya. Kati a wuya bai kwantar mini da hankali ba. Amma na ji, na bar ki da hukumarku da Allah.

Abin da ya tsaya mini yana ƙarshen takardarki, inda kika jefa shi kamar ba komai ba. Yaron ya bar gidanki tun kafin sabuwar shekara, sai yanzu nake ji? Su waye abokan? 'Ya'yan wa? Uwarsa ta ce a kiran bidiyon da suka yi na ƙarshe ya rame, idonsa ya faɗa, ga riga mai dogon hannu a cikin ɗaki. Ta tambaye shi, ya ce sanyi ne da karatu. A lokacin na yarda. Yanzu da na haɗa wannan da wancan, biri ya yi kama da mutum.

Kin ce kin ga waɗanda suka daina da idonki. Ke nan kin san fuskokinsu. To ina tambayarki: a cikin masu zuwa motar nan akwai namu? Sannan babbar tambayar: shi yana ciki?

Kin san ba zan iya tambayarsa ba. Tun da aka haife shi ban taɓa zaunar da shi mun yi doguwar magana ba, haka muka ga iyayenmu suna yi da ɗan fari. Ke ce gwaggonsa, ke ce bakina a can. Kalma ɗaya nake so. Ki ce mini a'a in yi barci.

Yayanki,
Abdul-Karim

*

Grand Concourse, Bronx
Afrilu

Yaya,

Assalamu alaikum, barka da sallah, Allah ya maimaita mana. Lafiya lau nake. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa, na rubuta na yaga ban san sau nawa ba.

Ba zan ce maka e ba, ba zan ce maka a'a ba. Kada ka yi saurin fassara, tsaya ka ji.

Babban sharaɗin izininmu shi ne rufin asirin mai zuwa. Ba ma tambayar suna, lamba ake ba kowa. An koya mana ko a titi na haɗu da wanda na sani a mota, kada in fara gaishe shi sai in shi ya fara, don kada na kusa da shi ya tambaye shi a ina ya san ni. Ka san abin da wannan ke nufi ga 'yar Fagge, in wuce mutum ban ce sannu ba. Har yau yana mini ciwo. Na sa hannu cewa ba zan faɗa wa kowa wanda ya zo ba. In na karya, katina ya tafi, kuma ana iya tuhumar ƙungiyar gaba ɗaya.

Za ka ce ai "a'a" ba tonon asiri ba ne. Ka yi tunani. Ba kai ne na farko ba. Iyaye mata sun sha tare ni a wurin suna, a bakin masallaci, a shagon nama: "Safiatu, don Allah, ɗana yana zuwa?" In na ce wa ta farko a'a, na ce wa ta biyu a'a, ta uku na yi shiru, me na gaya mata? Shi ya sa amsa ɗaya nake ba kowa. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Da za ka tambaye ni ko limamin unguwarku yana zuwa, wallahi amsar nan zan ba ka.

Maganar tashinsa daga gidana kuwa, ka yi gaskiya, ya kamata in sanar da kai da wuri. Amma ya girma, ba zan ɗaure shi a ƙafar gado ba.

Ga shawara, in za ka karɓa. Ka kira shi, kai da kanka, ba ta bakin Hajiya ba, ba ta bakina ba. Ka ce masa "yaya kake," ka yi shiru ka saurara. Alkunya tana da kyau a inda ake ganin juna safe da yamma. Da teku a tsakani, yaro yana iya ɗauka ba a damu da shi ba ne.

Ƙanwarka,
Safiatu

*

Fagge, Kano
Afrilu

Safiatu,

Wa alaikumus salam. Mun yi sallah lafiya.

Na nemi kalma ɗaya kin aiko mini da lacca. Ni yayanki ne, ba matar da ta tare ki a shagon nama ba. Da babu komai da kin ce babu, doka ko ba doka. Kin ce kin rubuta kin yaga. Me kika rubuta da ya isa yagewa? Da walakin, goro a miya. Kuma ba ke ce za ki koya mini yadda zan yi da abin da na haifa ba.

Tunda bakinki na hukuma ne, ni ma ina da ido a garin. Kin tuna Alhaji Jibrin, abokina tun muna kasuwar Sabon Gari, wanda ya koma wurin 'yarsa a can? Ba shi da aikin komai sai zuwa masallaci. Na roƙe shi ya riƙa leƙa inda motar taku take tsayawa ya ga masu zuwa. Ban gaya masa dalili ba, na ce dai ina so in san irin mutanen da ƙanwata take hulɗa da su. Ya san yaron tun yana goye, in ya gan shi zai faɗa ko ban tambaya ba. Na gaya miki ne don kada ki ce na yi a ɓoye.

Abdul-Karim

*

Grand Concourse, Bronx
Mayu

Yaya,

Sallama. Ina lafiya, in zaman gida dole lafiya ne.

Takardarka ta shigo na ƙi buɗewa, don na san faɗa ne a ciki. Da na buɗe da wuri da na kira ka na roƙe ka. Sai da na ga Alhaji Jibrin da idona sannan na karanta.

Ka ce masa ya leƙa. Yaya, ka san abokinka. Da kujerarsa ya zo, irin mai naɗewa, ya kafa ta a tsallaken titi a gaban shagon Wahab mai garin rogo da manja, ga babbar riga, ga carbi, ga filas ɗin shayi. Duk ranar da motarmu ta tsaya yana nan. Da shiru ya yi ma da sauƙi. Mutumin kirki ne, ba ya iya ganin ɗan mutane bai gaishe shi ba. E, akwai namu a cikin masu zuwa, wannan ba sirri ba ne, sunayen ne sirri. Yaro ya taho ya ja hular sanyi har gira, sai ka ji daga tsallake: "Kai! Ba jikan wane ba ne? Ina babanka? Yaya jikin kakarka?" Yaron ya daskare, ya je ya tsugunna ya gaishe shi, ya yi kamar shagon Wahab ya zo, ya sayi albasa ya juya.

Ba a daɗe ba duk wani mai jin Hausa ya ɗauke ƙafa, 'yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Zangon Kumasi. Suweiba, abokiyar aikina 'yar Kumasi, ta ce mini da Hausarsu ta Zango, "Sista, wannan soho ya kori clients namu duka o. Suna soro. Wa ya aiko shi?" Sai ga Alhaji Jibrin ya miƙe daga kujerarsa. Shi ya amsa da kansa. Ya tsallako da fara'arsa ya ce, "Safiatu, sannu da aiki! Yayanki ne ya ce in riƙa duba masa masu zuwa wurinki." A gaban Suweiba, a gaban mutanen da ke layi.

Ƙa'ida ita ce duk abin da ya taɓa sirrin masu zuwa a kai rahoto a ranar. Ban bar wa Suweiba nauyin ba, ni na kai kaina. Shugabarmu ta ce ta yarda da ni, amma dole ta sanar da hukuma, kuma har a gama bincike ba zan hau mota ba. Ta miƙo hannu, na ciro katin daga wuyana na ba ta. Sufeto ta zaunar da ni: wane ne dattijon, me na gaya wa ɗan'uwana, na taɓa ambaton wani? Na ce a'a. Ta yi mini irin kallon da kake mini a takardunka. Kai kana zargina da rufewa, su suna zargina da buɗewa.

Ba za a iya matsar da motar ba sai hukuma ta amince da sabon wuri, kuma titi na kowa ne, ba mai ikon korar mutum. Na je na durƙusa na roƙi Alhaji Jibrin ya tashi, ya ce amana aka ba shi, sai mai ita ya sallame shi.

Waɗanda suka daina zuwa ba allura suka daina ba, Yaya. Wuri kawai suka sake, da duk sirinjin da hannunsu ya kai. Ka kira abokinka yau ka ce ya naɗe kujerarsa. Raina ya ɓaci da kai, ɓacin da ban taɓa jin irinsa ba.

Safiatu

*

Fagge, Kano
Yuni

Safiatu,

Assalamu alaikum. Ina ta aiko miki da saƙo ba amsa. Muna lafiya, damina ta sauka, rufin zaure ya fara yoyo.

Na yi abin da kika ce. Ban yi a ranar ba, gaskiya, na bar shi ya ƙara kwanaki don in tabbatar, sannan na sallame shi. Ga kuma albishir: ya ce duk zamansa bai ga yaron ba ko sau ɗaya. Ya ga 'ya'yan wasu, ya fara jero mini su, na ce ya bari, ba su na aike shi ba. Alhamdulillahi. Har ƙosai na sa aka raba sadaka. Kin ga da kin ce a'a tun farko da duk wannan bai faru ba. Zato zunubi ne, na yarda na yi, Allah ya yafe mini. Maganar katinki ban ji daɗi ba, ban nufi haka ba. Amma hukumar da za ta tsayar da mutum daga aiki don dattijo ya zauna a kujera, ke ma ki duba lamarinta.

Shirun nan naki ya fara damuna. Fushi ne? Ko tsare ki aka yi? Ko binciken ya tono wani abin da ba ki gaya mini ba?

Sannan na bi shawararki, ki ji. Na ɗauki waya da hannuna na kira shi, na shirya "yaya kake" ɗin da kika ce. A kashe take. Na sake washegari, a kashe. Uwarsa ma ta kwana biyu ba ta same shi ba, tana kuka a ɗaki tana ce mini mura ce. Ki leƙa University Heights ki ce masa ya kunna waya.

Yayanki,
Abdul-Karim

*

Asibiti, Bronx
Yuni

Yaya,

Assalamu alaikum. Ka zauna kafin ka karanta. Faruƙ yana raye. Yana asibiti, a gefen gadonsa nake rubutun nan, kuma likitoci sun ce mafi munin ya wuce.

Yau da safe ya ce mini, "Gwaggo, ki gaya wa Baba. Everything. Ni ba zan iya ba." Na sa ya maimaita a gaban nas. Don haka yanzu bakina ya buɗe, da izinin mai sirrin.

E, yana ciki. Ka tuna faɗuwar da ya yi farkon bara a keken kai abinci, da ya ce muku targaɗe ne? Kafaɗa ce ta tsage. An ba shi ƙwayar kashe zafi, ta ƙare, jikinsa bai yarda ta ƙare ba. Ya fara saye a titi, daga haɗiya ya koma allura, muna gida ɗaya ban sani ba. Wata rana na ɗago kai daga kwalin kaya na gan shi a layi. Bai san a motar nake aiki ba, shi ma fannin lafiya na ce masa. Muka kalli juna. Ma'aikaci ba ya ba ɗan'uwansa kaya da hannunsa, don haka na ja baya, Suweiba ta ba shi, ni na shiga gaban mota na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Inna. Kunyata ce ta sa ya bar gidana. Amma bai daina zuwa motar ba, kuma ta nan kaɗai nake sanin yana raye. Suweiba ta yi ta lallaɓa shi har ya yarda a kai shi wurin magani. An sa masa rana a watan Mayu.

Alhaji Jibrin bai yi maka ƙarya ba, bai gan shi ba. Faruƙ ne ya gan shi daga ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ya gane shi tun daga nesa, ya juya. Ya ce mini, "Na san Baba ne ya turo shi." Bai nemi wata motar ba, don ya ɗauka ko'ina ka sa ido. Bai je ganin likitan ba. Sirinji ɗaya ya yi ta maimaitawa har ya dakushe, daga baya ya ari na wani. Hannun ya kumbura, ya ɓoye, cutar ta shiga jini. Abokin ɗakinsa ne ya kira ni da ya ga ba ya gane mutane. An yi masa aiki, an ce ba za a yanke hannun ba. Gwajin sauran cututtukan na farko ya fito lafiya, za a sake nan gaba.

Shirun da na yi ba fushi kaɗai ba ne. Ban san yadda zan amsa albishir ɗinka ba tare da ƙarya ko cin amana ba. Na san tsoro ne ya sa ka. Ni ma na sha tambayar kaina ko da na karya dokar tun farko da ya fi. Amma na san shi, ranar da ya ji na faɗa ba zai sake zuwa inda nake ba.

An fara ba shi maganin rage jarabar a nan. Likita ta ce kada mu yaudari kanmu, wasu sukan koma kafin su tsaya da ƙafarsu. Katina yana hannunsu har yanzu, sufeton tana son bayani a rubuce daga gare ka cewa ban taɓa ba ka sunan kowa ba. Wannan zai iya jira. Tun da na fara rubutun nan Faruƙ ya juya fuskarsa bango. Ya tambaye ni ko za ka ce kada ya sake kiran kansa ɗanka. Na ce masa ban sani ba.

Ƙanwarka,
Safiatu

*

Fagge, Kano
Yuni

Safiatu,

Wa alaikumus salam. Na zauna kamar yadda kika ce, na karanta har ƙarshe. Yaya jikin nasa? Allah ya ƙara sauƙi. Allah ya saka miki da alheri, ke da Suweibar da ban taɓa gani ba.

Garin gyaran gira na kusa rasa ido. Ni na aika kujerar nan, ni na ƙara mata kwanaki, har na raba ƙosan murna alhali yana kwance hannu a kumbure. Ki yafe mini, ƙanwata.

Ga takardar sufeton nan a haɗe, da Turanci, na sa hannu. Na rubuta cewa na tambaye ki, na matsa miki, na yi miki gori da zumunci, ba ki ba ni ko harafi ba. In tana so ta ji da kunnenta ki ba ta lambata.

Hajiya ta ga fuskata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce yaron yana asibiti, hannu ne, yana samun sauƙi. Ta ce me ya sami hannun? Na ce ta bari ya gaya mata da bakinsa. Alhaji Jibrin ma ya kira yana tambayar labari, na ce masa ruwa ake yi a Kano. Ashe haka abin yake da nauyi a ciki.

Ki ce masa ya juyo daga bangon nan. Hannun mutum ba ya ruɓewa ya yanke ya yar. Likitoci ba su yanke nasa ba, ni ma ba zan yanke nawa ba. Gobe bayan la'asar ɗinmu zan kira wayarki, ki kanga masa a kunne, ki fita ki ba mu wuri. Ban san me zan ce bayan gaisuwa ba, amma zan kira.

Saura abu ɗaya, kuma kada ki bari kowa ya ga wannan sai shi. Ina roƙon Allah maganin ya karɓe shi, kada ya sake waiwayar abin nan har abada. Amma na ji abin da likita ta ce. In ya fito, in abin ya sake fin ƙarfinsa, kada ya ɓuya, kada ya ari na kowa. Ki ce masa ni na ce ya zo motarku, ba wanda zai zauna a tsallake. Ke hannunki bai halatta ba, na gane. Ki roƙar mini Suweiba ta ba shi sabo.

Yayanki,
Abdul-Karim